Shayin Hawa Igiya

A gidanmu maza igiya suke hawa. Kakanmu ya hau, mahaifinmu ya hau, ƙanena Ergash ya hau. Ni Holmat ne kaɗai Allah Ya dubi tumbina Ya bar ni a ƙasa, kuma ban taɓa jin haushin wannan rabo ba. Aikina in sa hular barkwanci in tsaya a tsakiyar fili. Ergash yana can sama da doguwar sandarsa, yana taka igiyar da ta fi hasumiyar masallacin unguwarmu tsawo, ni kuma ina ƙasa ina tsokanarsa jama'a suna dariya. Duk kwarin Fargana, daga Ƙoƙan har Andijan, in aka ga mun kafa turakunmu a ƙofar gidan biki, an san mai bikin ba da wasa ya zo ba. Raga ba ma shimfiɗawa a ƙasa, kuma Ergash ba ya ɗaura komai a ƙugu.

Mai hawa igiya ba ya cin abinci kafin wasa, haka muka taras, wai don jiki ya yi sauƙi. Abu ɗaya ne ke shiga cikinsa. Kafin a busa kakaki, mahaifiyarmu Tajihan, wadda duk unguwa ke kira Aya, za ta fito tsakiyar fili da butar shayinta, ta jefa dunƙulen nabat a finjali, ta zuba shayi, ta tsaya sai ta ga ya shanye tas, sannan ta ɗaga hannu jama'a su ce amin. Nabat ɗin nan kowa ya san shi, sukarin dutse mai launin zuma, mai kaifi kamar fasasshen gilashi. Sai dai a ƙasarmu in ka kira shi sukari a gaban tsofaffi sai an yi faɗa da kai. Magani ne. Mai jego shi ake ba ta, mai ciwon ciki shi, mai jiri shi, wanda matarsa ta yi yaji ma ina jin shi za a ba shi.

Sau ɗaya tak aka hau igiya a gidanmu ba da shayin Aya ba. Ranar tana ƙauyensu wajen rasuwa, mahaifinmu ya ce ba komai, ya hau. Ya faɗo. Ya yi 'yan shekaru a kwance kafin Allah Ya karɓi abinsa. Aya ba ta taɓa buɗe baki ta ce rashin shayinta ne ba, amma tun daga lokacin duk garin da za mu je tana gaban mota, buta a cinya.

Abin da ya sami Ergash ya fara ne da bazara, a wani bikin kaciya a Rishtan. Da hunturun da ya wuce an yi masa aikin gyambon ciki, an yanke wani sashe na tumbinsa, amma ya warke sarai, har ya fi da ƙarfi. Ranar ya sha shayinsa, masu ɗaga ƙarfe suka yi nasu, masu alkafura suka yi nasu, sannan ya hau. Ya kai tsakiyar igiya na ɗaga murya kamar kullum.

"Kai malalaci! Kazar makwabcinmu ta fi ka sauri, kuma ita ƙwai take yi!"

A ƙa'ida zai leƙo ya ce, "Wancan buhun garin wa ya bari a fili?" Ban ji komai ba. Sai na ga ya zauna a kan igiya. Jama'a suka ɗauki tafi, sun zaci sabon salo ne. Ni kuwa bakin sandarsa nake kallo, yana rawa, kuma tun da nake ban taɓa ganin sandar Ergash ta yi rawa ba. Na ci gaba da zuba surutu don kada mutane su gane, ina cusa masa magana a tsakani: ja jiki, uka ƙanena, ja jiki a zaune, ba wanda ya ce sai ka tashi. Da jan gindi ya kai turke.

Da ya sauko ya yi fari fat, gumi mai sanyi ya jiƙa rigarsa, hannuwansa suna karkarwa, kamar an zare masa laka. Aya ta ture mutane ta iso, ta jefa nabat biyu a finjali ta ɗura masa. Kafin a gama kwance gangar farko sai ga shi ya miƙe, jini ya dawo fuskarsa, har yana tambayar ko an rage mana shinkafar bikin.

"Kun gani?" in ji Aya. "Ƙarfinsa ne bai gama dawowa ba tun aikin nan. Laifina ne, na riƙa sa masa kaɗan."

Daga ranar ta ninka nabat. Da safe, da hantsi, da azahar, duk inda Ergash ya zauna sai ga finjali. Abin kuwa ya ƙaru. Yana cikin gwaji a kan ƙaramar igiyarmu ta tsakar gida, ko yana gyaran turke, ko yana cikin magana da mutum, sai ka ga ya yi shiru, idonsa ya yi nauyi, ya nemi bango. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai, ba komai. Mutum mai shekara arba'in da 'yan kai, wanda ke iya ɗaukar rago a kafaɗa ya hau tsani, da rana tsaka ƙarfinsa ya tsiyaye gaba ɗaya. A ba shi shayin nabat ya farfaɗo, can anjima ya sake zubewa.

Masana kuwa ba mu rasa su ba. A unguwarmu duk abin da ya sami mutum awon jini ne: in ka yi fushi jininka ya hau, in ka yi hamma ya sauka. Makwabcinmu da ke da abin awo ya yi ta sintiri yana matse wa Ergash dantse. Tsofaffin mata suka ce baki ne, mutum yana sama idon dubban mutane a kansa, me ake jira? Aka yi ta turara shi da hayaƙin isirik, ganyen da ake korar baki da shi, har ya koma tari kamar tsohuwar bas. Muka je babban asibiti. Suka ce ya zo da safe bai ci komai ba, suka ɗebi jini, suka duba zuciya, suka duba maƙogwaro ko maƙoƙo ne ke tahowa, suka tambayi matarsa Dilbar ko yana minshari, ko yana barci sosai. Komai lafiya lau. Likitan ya ce da zai samu jini irin na Ergash da ya gode Allah.

Sai azumi ya kama, cikin tsananin zafi. Na ce shi ke nan, wannan karon a tabarma za mu riƙa ɗaukarsa. Abin mamaki, wata guda cur ko gezau. Ergash yana azumi yana gwaji da rana tsaka, yana tsalle a kan igiya, ni da ba na yin komai ina kwance a ƙarƙashin rumfar inabi ina lissafin mutuwata. Aya ta ce ai magana ta fito, a watan azumi shaiɗanu a ɗaure suke, saboda haka iska ce. Aka yi Sallah, washegari da hantsi ya zube a bakin famfo.

Ranar ce na yi masa maganar bikin kankana na Ƙoƙan, wanda ake yi da kaka, inda ake kafa igiya mafi tsawo a shekara. Tun zamanin kakanmu gidanmu ke hawanta.

"Bana mu ba su haƙuri," na ce.

"In na ba su haƙuri bana, baɗi wasu za su kira. Kuma sun yi daidai."

"To su kira mana! Igiya ce ta haife ka?"

"Akajon," in ji shi. Ba ya ce mini Akajon, wato yayana na kaina, sai zai yi taurin kai. "Kai in an cire maka hular nan kana da baki, za ka iya sayar da ko yashi ne. Ni fa? Tun ina ƙarami ba abin da na iya sai tsayuwa a inda ba a tsayawa. Zan hau. An gano ciwon, ba a gano ba, zan hau."

Na san shi. In ya ce zai hau, ko ɗaure shi ka yi zai hau da igiyar da ka ɗaure shi. Na ji tsoro ƙwarai, kuma ni in na ji tsoro fushi nake yi. Na ce a raina lallai sai na gano abin nan kafin kankana ta nuna.

Ciwon gwiwa ne ya kai ni ƙaramin asibitin unguwarmu wurin Saltanat-opa, wato Yaya Saltanat, likitar da ta san kowane gida da abin da ke damunsa. Tana rubuta mini magani ina ba ta labari, don ni ba na iya zama shiru.

"Opa, ƙanena kam na gano maganinsa. Ki rubuta masa azumin shekara guda. In yana azumi zaki ne, in ya sha ruwa ya koma tsumma."

Ta daina rubutu. "Sake faɗa."

Na sake faɗa, da ƙari.

"Kafin abin ya zo masa me yake ci?"

"Ba ya cin komai. Mai hawa igiya ne."

"Me yake sha?"

"Shayi kawai."

"Da sukari?"

"A'a, Allah Ya kiyaye. Tun da aka yi masa aiki Aya ta hana shi sukari. Nabat take sa masa."

Saltanat-opa ta cire tabarau ta dube ni, sannan ta yi dariya har da dafe goshi. "Holmat-aka, wallahi tawa uwar ma haka take cewa. Ni kaina sai da na je makaranta na yarda. Da me kake tsammani ake yin nabat?"

"Da... nabat."

"Da sukari ake yinsa, a dafa shi a bar shi ya daskare a jikin zare. To saurara. An rage wa ƙanenka tumbi. Abu mai zaƙi in ya sha shi ciki ba komai, ba ya tsayawa, zarcewa yake yi cikin hanji gaba ɗaya. Sukarin jininsa ya yi sama, jiki ya firgita ya yi ta kwashe shi, ya kwashe har ya wuce kima. Bayan awa ɗaya ko biyu sai mutum ya zube. Ku ba shi wani finjalin ya tashi, ku ce magani ya yi aiki, alhali kun sake ɗana masa wata faɗuwar. A asibiti da safe suka auna shi bai sha komai ba, me za su gani? Da azumi kuwa ba ya sha da rana, in ya sha ruwa kuma da miya da nama yake haɗawa."

Na miƙe zan ruga gida in faɗa musu.

"Zato nake yi fa," in ji ta. "Sai na gani da idona. Zan zo gidan."

Ta zo da hantsi, da 'yar na'urarta ta awon sukari a jaka. Muka zauna a gadon tsakar gida ƙarƙashin rumfar inabi. Ta roƙi Aya ta haɗa wa Ergash shayi daidai yadda take haɗa masa ranar wasa. Aya ta ji daɗi, ta zaɓo manyan dunƙule, don ta ɗauka likita ta zo koyo. Ergash ya shanye, ya hau ƙaramar igiya. Muka yi ta hira, aka yi maganar tsadar auduga da auren 'yar wane. Can sai ga bakin sanda ya fara rawa. Ya diro, ya zauna a ƙasa, gumi na keto masa. Saltanat-opa ta huda masa yatsa, ta duba, ta juya na'urar ta nuna mana. Ni ban san kan lambobin ba, amma na ga yadda ta yi sauri ta ba shi ɗan lemon inabi, ta bi shi da burodi da cuku.

Sannan ta juya wurin Aya, ta sa hannu a ƙirji, ta yi mata bayani a hankali, da ladabi, kamar yadda ta yi mini. Aya ta saurara har ƙarshe.

"'Yata," in ji ta, "nabat ba sukari ba ne. Da shi na yaye su duka biyun. Dubi wannan," ta nuna ni, "ya yi miki kama da wanda aka cutar?"

"Ayajon, ba ki cutar da kowa ba. Cikinsa ne ya canja, ba hannunki ba."

"Yanzu nan da ya faɗi, me kika ba shi? Ba zaƙi ba?"

"Zaƙi ne, don in tashe shi. Amma zaƙin farko ne ya kayar da shi."

Aya ta ɗauki buta. Baƙon da ake so a wurinmu kaɗan-kaɗan ake zuba masa, don ya yi ta miƙo finjali ana hira. Aya ta cika na likita har baki. Saltanat-opa 'yar gari ce, ta shanye, ta yi godiya, ta tashi. A bakin ƙofa ta ce mana ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan a kai a kai, ƙwai, gyaɗa, busasshen dunƙulen cukun nan da ake kira kurut, nama, kuma kada zaƙi ya shiga cikinsa shi kaɗai. Ta ce kada ya kusanci doguwar igiya sai ya yi makonni bai zube ba, kuma ya riƙa zuwa tana dubawa.

Muka mayar da gwaji gonar tuffa ta wani abokinmu, nesa da butar Aya. Shayin da take ba shi a gida kuwa, Dilbar ta ƙware wajen ɗauke finjali da sunan ya huce. Ergash ya koma Ergash. Rana ta bi rana ba ko jiri. Yana cin ƙwansa ya hau, ya yi gudu a kan igiya, ya ɗaure ido, ya sa ƙafa a cikin tasoshin tagulla ya taka. Likita ta duba ta ce ta yarda. Na tabbata mun kama ɓarawon, ba ni da ko ɗigon shakka.

Saura abu ɗaya, kuma shi ne babba. Shayin ranar wasa ba a ɗaki ake ba da shi ba. A tsakiyar fili ne, a gaban gari guda, daga hannun Aya.

"Ka ce mata ka ƙoshi," na ce wa Ergash.

"In mayar da hannun Aya a gaban mutane?"

"To ka kurɓa kaɗan."

"Ka manta tana tsayawa sai ta ga gindin finjali? Akajon, matar nan shekara nawa tana bin mu a mota da ciwon baya saboda finjalin nan. In na ƙi shi, na ce mata ke kika kusa kashe ni. Bakina ba zai iya ba. Zan ci ƙwai a ɓoye kafin nan, wataƙila ya tare."

"Wataƙila! A saman igiyar Ƙoƙan za ka gwada wataƙila?"

Na bar shi na tafi wurin Aya da kaina. Na same ta tana tsince shinkafa. Na fara da lallashi, na yi mata barkwanci, ban ga haƙorinta ba. Na ce ai ta ga da idonta yadda ya warware kwanan nan.

"Na gani," in ji ta. "Na kuma ga shukar da ke bayan ɗakin Dilbar tana shan shayina kullum. Kun ɗauka makauniya ce ni."

"To Aya, tunda kin gani..."

"A ƙasa ne wannan. Sama daban. Ranar da ubanku ya hau ba shayina, wa ya riƙe kansa a cikin mota?"

"Ni ne."

"To."

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Aya, wancan karon kin ce a ranki rashin shayinki ne. Wannan karon shayinki ne zai jefo shi, kuma ni ba zan sake riƙe kan kowa a mota ba."

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ba ta dube ni ba. Na fita raina a ɓace, kuma daga ranar ba ta sake yi mini magana ba, ko gaisuwata da kai take amsawa. Ya yi mini zafi, don ni ɗan lelenta ne duk da girman jikina. Amma ban janye ba. Na riga na yanke abin da zan yi, kuma ban gaya wa kowa ba. Mai hular barkwanci ana yafe masa abin da ba a yafe wa kowa.

Ranar bikin kankana fili ya cika har kan katangu da rassan bishiya. Kankana tsibi-tsibi a gefe, hayaƙin tsire ya rufe ko'ina, igiya tana can sama siririya. Aka buga ganga, aka yi shiru. Aya ta fito da farin mayafinta, buta a hannu, tana takawa a hankali. Ergash ya durƙusa a gabanta. Ta juya baya kaɗan kamar yadda ta saba, ta haɗa, ta juyo ta miƙa masa finjali. Na ga ya ɗaga hannu biyu zai karɓa.

Ban san ina da sauri haka ba. Na yi wuf na shiga tsakaninsu na fizge finjalin.

"Jama'a, ku yi mana shari'a!" na yi ihu. "Ni ne babba, ni ne kyakkyawa, amma kullum wannan tsinken ake ba shayi! Yau kam sai na ji abin da ke ciki!"

Fili ya kece da dariya. Na kafa kai na shanye gaba ɗaya.

Ɗaci ya cika mini baki. Koren shayi ne tsagwaronsa, mai ƙarfi, ba ko ƙwayar zaƙi a ciki. Na tsaya da finjali a hannu, fuskata a yamutse, jama'a suna ta dariya sun ɗauka cikin wasan ne. Na dubi Aya.

"Ka gama haukan?" in ji ta, a hankali yadda mu uku kaɗai za mu ji. "Ba ni finjalina, buhun gari."

Ta karɓa ta sake zubawa daga butar, ta miƙa wa Ergash. Ya kurɓa, ya tsaya, ya ɗago ya dube ta. Ta yi masa alama da haɓa ya shanye. Sannan ta kwance bakin mayafinta ta fito da dafaffen ƙwai ɓararre da kurut biyu, a gaban duk mutanen Ƙoƙan da suka san mai hawa igiya ba ya cin komai.

"Ci," in ji ta. "Ubanka bai ci ba. Kai ka ci."

Ya ci. Ta sa hannu a aljihu ta fitar, sannan ta ɗaga hannuwa don addu'a. Na lura tafin dama a buɗe yake, na hagu a dunƙule, amma hankalina ba a nan yake ba. Jama'a suka ce amin, aka busa kakaki.

Masu ɗaga ƙarfe suka yi nasu, masu alkafura suka yi nasu. Ergash ya tofa a tafinsa, ya ɗauki sanda, ya hau. Ya yi ta hawa har ya koma ɗan mitsitsi. Na yi aikina, na zage shi, na zagi tafiyarsa, na ce akuyar kakata ta fi shi iya taku. Idona kuwa yana kan bakin sandar nan, ban ko ƙifta ba. A tsaye take cak.

Ya kai tsakiya, daidai inda igiya ta fi lilo, sai ya tsaya. Ya zauna. Fili ya yi tsit. Sai ya miƙe ƙafa, ya kwanta rigingine a kan igiyar, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya leƙo.

"Wai wancan buhun garin da ya shanye mini shayi," muryarsa ta sauko daram, "ba mai shi ne a zo a ɗauke?"

Ihun da aka yi ina jin har Rishtan an ji shi. Ni kuwa na cire hula na jefa sama, na zage shi zagin da ban taɓa yi masa ba, hawaye na zubo mini, kuma ban damu da wanda ya gani ba. Ya tashi ya ɗaure ido ya ƙarasa, ya dawo da baya, ya sake ƙetarewa da tasoshi a ƙafa. Ya sauko jikinsa a bushe, yana tambayar inda ake yanka kankana.

Mutane suka yanyame shi. Na bar su na nufi inda Aya take zaune a kan bargo, bayan turke. Ba ta tashi ba, ba ta yi guɗa ba. Hannunta na hagu yana kan cinya, har yanzu a dunƙule, kuma na ga ja yana bin tsakanin yatsunta yana ɗiga a kan rigarta.

"Aya, me ya same ki? Buɗe in gani."

Ta kasa buɗewa, yatsun sun ƙage. Na durƙusa na ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya. Dunƙulen nabat ne, babba, irin wanda take zaɓa ranar wasa. Ta matse shi tun daga addu'a har saukowarsa, kaifinsa ya shige mata cikin tafi.

"Ba a taɓa hawa ba nabat an sauko lafiya ba," in ji ta. "Shi ba zai sha ba. Sai na riƙe masa."

Na cire ɗankwalin da ke ƙuguna na fara naɗe mata hannun. Ta ce in ɗaure a hankali kada ya kumbura, akwai wasa a Margilan ranar Juma'a, kuma da wannan hannun take riƙe buta.